Jar Tawada a Littafin Kakan Liman

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon da na tsufa ina tsaron maganarsa.

Jiya na ji ku a zaure, ku samarin da kuka zo ɗaukar karatu bana. Ɗayanku yana cewa ai aikin Malam Isufu ba wuya: a kawo masa hadisi, ya buɗe littafi, in ya gani ya ce akwai, in bai gani ba ya ce babu. Ban ji haushi ba. Amma tunda kun ce wanga aiki kuke so, ku ajiye alluna ku matso, ku ji yadda ake yin sa.

Ubana manomi ne a Sabon Maci. Da na sauke Alƙur'ani ya ɗora damin hatsi a jaki, ya tasa ni gaba har Birnin Lalle, ya miƙa ni ga Malam Alhasan. Shi Malam Alhasan a Agadas ya yi karatu, kuma littattafan hadisin da ke gafakarsa ba sayen su kawai ya yi ba, ya ji su daga bakin malaminsa, shafi bayan shafi, shi ma malamin ya ji daga nasa. Na zo ina zaton za a ba ni alƙalami. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban taɓa alƙalami ba sai don in fiƙe wa wani.

Aikina na farko shi ne riƙon uwa. In an kwafe littafi, tsohon da aka kwafa daga gare shi shi muke kira uwa, sabon kuma ɗiya. Ba a barin ɗiya ta fita gida sai an yi mata muƙabala, wato wani ya karanta ta da ƙarfi, wani yana bin uwa da yatsa, harafi da harafi. Ni ne mai yatsa. Malam yana kishingiɗe a buzu, idonsa a rufe, ka ce barci yake yi. Sai ka ji ya ce, “Koma.” In ya riga ni faɗa, ranar na sha faɗa. Wani lokaci da gangan yake sa mai karatu ya tsallake suna, don ya ga ko hankalina yana kan takarda ko yana kasuwa. Matarsa, Inna Hajo, ɗiyar malami ce, ita ke dafa mana tawada. Tana bayan zana tana dakan ƙaro, sai ka ji muryarta: “An bar mutum ɗaya a hanya.” In aka duba, haka ne.

Wancan mutumin da aka bari a hanya shi ne rabin sana'armu. Kowane hadisi kashi biyu ne. Akwai maganar kanta, akwai salsalar mutanen da suka ɗauko ta: wane ya ba mu labari, daga wane, daga wane, har a kai ga Sahabin da ya ji da kunnensa. Mu ba mu ne muke yanke wa waɗannan mutane hukunci ba. Limaman farko sun gama wannan, sun rubuta wane ne mai gaskiya, wane ne ƙwaƙwalwarsa ta rikice da tsufa, wane ne aka kama da ƙage, da garin da kowa ya zauna da lokacin da ya rasu. Namu shi ne mu san abin da suka ce, mu kuma tabbata abin ya iso nan Dakoro yadda ya baro hannunsu. Tsakaninmu da su akwai hannuwan marubuta da ba su ƙirguwa, wani yana gyangyaɗi, wani yana sauri, wani gara ta cinye masa rabin saɗara ya cika da abin da ya zata. Ɗigo ɗaya in ya tashi daga kan harafi ya sauka ƙasa, sunan amintaccen mutum ya koma na wani maƙaryaci mai suna kusa da nasa.

Kayan aikina kuna ganinsu kullum, amma ba ku tambaya. Alƙalumma biyu nake ajiyewa, ba na haɗa su kurtu ɗaya. Baƙar tawada ta takarda ba irin ta allo ba ce, da bagaruwa da kashin maƙera ake dafa ta, a sa ƙaro daidai. In ya yi yawa shafuka su manne da damina, in ya yi kaɗan rubutu ya bi yatsa. Jar tawada kuwa ta gyara ce da alama. Duk inda muƙabala ta tsaya, muna sa ɗigo cikin ɗan da'irar da ke ƙarshen hadisi. Littafin da da'irorinsa suke wayam, ba a taɓa gwada shi da uwarsa ba, komai kyan hannunsa. Kuma da yake littattafanmu ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne cikin tadarishi, wato bangon fata da ake naɗe su ciki, abu na farko da nake dubawa shi ne kalmar da ake sawa a gindin shafi, wadda ya kamata ta buɗe shafi na gaba. In ba su haɗu ba, ko warƙa ta ɓata, ko baƙuwa ta shigo.

Na tuna wani falke da ya sauka nan da ayarin gishiri. Ya shigo da wani littafi a naɗe cikin rawani, yana riƙe da shi kamar jariri. An sayar masa da shi a wata kasuwa can arewa, an ce tun zamanin jikokin Sahabbai aka rubuta shi. Takardar ta yi ja, gefenta duk ya cinye. Na kai ta hanci, na ji ƙaurin madafa. Na ɗaga warƙa ɗaya ga rana, sai ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikinta, irin takardar da ayari ke kawo mana kowace shekara. A kan murhu aka rataye shi ya sha hayaƙi. Na faɗa wa falke, ya ce zai jefa shi wuta. Na riƙe hannunsa. Muka zauna muka gwada shi da nawa, sai ga hadisan lafiya lau, marubucin mai kula ne, mai sayarwa ne kawai macuci. Na ce masa, “An cuce ka a shekarun takarda, ba a cuce ka a maganar Annabi ba. Tafi ka karanta abinka.” Ku riƙe wannan. Tsufan takarda ba ya inganta hadisi, sabuntarta ba ta raunana shi.

Akwai kuma mai wa'azin da ya zo daga kudu, muryarsa tana sa tsofaffi kuka. Ya kawo mini wani hadisi da salsalarsa cikakkiya, duk sunayen manya. Na bi su ɗaya-ɗaya a littafin maruwaita, na tarar wanda ya ce “na ji daga wane” an haife shi ne bayan wanen ya daɗe a kabari. Mai wa'azin ya ce, “Amma Malam, maganar tana da kyau.” Na ce, “Tana da kyau ƙwarai. Ka faɗe ta da sunanka.”

Yanzu ga shekarar da nake so ku ji.

Maigari Jatau shi ya kawo ni Dakoro bayan Malam Alhasan ya ba ni ijaza, wato izinin karantarwa. Garin lokacin ƴan gidaje ne kewaye da rijiya, kuma rijiyar shi da ƙannensa suka haƙa ta, zurfinta sai ka leƙa ka ga ruwa kamar ƙwayar ido. Ya ba ni gona a bakin fadama, kowace kaka kuma yana aiko da hatsi. Mutumin kirki ne, kada ku ji labarin nan ku ɗauka ba haka ba.

Aka yi fari. Ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, ta ƙone. Da bazara rijiyoyin Azagor suka ƙafe, Fulani suka gangaro da abin da ya rage musu na shanu, shugabansu Ardo Buba yana gaba. Rijiyarmu ita ma ta ja baya, kafin azahar guga sai ya fito da laka. Jatau ya ji tsoro. Ya sa samari suka tsaya a bakin rijiya, kowa da mashinsa. Su ma samarin Fulani suka zauna nesa kaɗan da sanduna da kwari, shanu suna kuka a bayansu.

Ardo Buba ya zo ƙofar masallaci ya ce, “Mu Musulmi ne kamarku. Mun ji Annabi ya hana a hana mutum rarar ruwa.”

Liman Habu, limamin gari, dattijo ne da ya girme ni nesa. Ya aika aka ɗauko littafin da kakansa ya rubuta da hannunsa, ya karanta hadisin a gaban kowa. Hanin yana nan kamar yadda Ardo ya faɗa, amma a ƙarshensa akwai wasu kalmomi da suka cire rijiyar da mutum ya haƙa da kansa a ƙasarsa. Jama'ar gari suka yi kabbara. Ardo ya ce, “In Annabi ya faɗa, mu koma mu mutu a daji, ba mu da ta cewa. Amma a bar Malam Isufu ya duba.” Jatau bai yi gardama ba. Yana ganin ni nasa ne, littafi kuma ga shi ƙuru-ƙuru.

Na ɗauki littafin na shiga da shi. Na san wanga hadisi, na ji shi daga bakin Malam Alhasan, kuma babu wannan wutsiya a jikinsa. Amma abin da ke kaina ba hujja ba ne a kan abin da ke rubuce, kuma in na fito da nawa kwafin, za a ce ni na zubar da kalmomin. Don haka na bi littafin kakan Liman kamar ban taɓa jin hadisin ba. Warƙoƙi suna bin juna daidai. Tawada ɗaya, hannu ɗaya, ba inda aka kankare, ba ƙari. Salsala lafiyayya. Ba wanda ya taɓa littafin nan da mugunta. Sai na duba da'irori. Daga farko zuwa kusan tsakiya kowace da ɗigonta, daga nan kuma wayam, babin ruwa yana cikin wayam ɗin. Na ci gaba da karatu, na samu wurare da aka fassara kalma mai wuya a tsakiyar hadisi, abin da wurinsa gefen shafi ne. Na gane tsohon ya kwafa ne daga uwa mai cunkoson sharhi a gefe, kuma bai samu ya gama muƙabala ba.

Na je gun Jatau na ce zan tafi Birnin Lalle in ɗauko littafin malamina.

Ya dube ni ya ce, “Malam, mi ka gani?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ban gama gani ba.”

Ya ce, “Kai da ɗiyanka daga rijiyar nan kuke sha.”

Na ce, “Na sani. Abin da nake roƙo, kafin in komo a bar mutanensu da ƴan maruƙa su sha.”

Ya daɗe yana wasa da gemunsa, sannan ya ce, “Mutane da maruƙa. Ban da manyan shanu.”

Malam Alhasan ya riga ya rasu, littattafansa suna hannun Inna Hajo. Na durƙusa na gaishe ta na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce, “Isufu, littafin nan bai taɓa kwana inda ba ni ba tun da mai shi ya tafi.” Na fara roƙo, ta katse ni. “Wa ya ce ba zai je ba? Ɗaura wa jaki akumari.” Tsohuwa da ƙyar take miƙewa, ta rataya gafaka a wuya, ta hau, muka kama hanya cikin wannan rana. A hanya muka riƙa wuce gawar shanu.

Da muka iso ban nufi dandali ba. Gidan Liman Habu na fara zuwa, don bai kamata dattijo ya fara jin irin wannan a bainar jama'a ba. Na shimfiɗa littattafan biyu a gabansa. A na Malam Alhasan hadisin ya tsaya inda na san yana tsayawa, da da'irarsa da ɗigonta. Kalmomin nan kuwa ga su a gefe da ƙaramin rubutu, da alamar da ke nuna bayanin wani malamin fiƙihu ne.

Liman ya ce, “Isufu, kana nufin kakana ya yi wa Manzon Allah ƙarya?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, Allah ya tsare. Kakanku ya ga rubutu a gefe, ya zaci marubucin farko ne ya manta ya ƙara, sai ya mayar da shi ciki don kada maganar Annabi ta ragu. Tsoron Allah ne ya sa shi. Ga inda muƙabalarsa ta tsaya. Da ya kai nan, da shi zai cire.”

Ya sa yatsa a kan da'irar ƙarshe mai ɗigo. Ya ce ya ji ubansa yana cewa tsohon ya makance kafin ya rasu. Na ce in ya so, ni zan gaya wa maigari a keɓe. Ya ce, “A'a. A gaban mutane na karanta, a gaban mutane za a gyara.”

Bayan la'asar aka taru ƙarƙashin gawon masallaci, mutanen gari a gefe ɗaya, Fulani a ɗaya, Inna Hajo tana zaune a tabarma bayan mata ba ta ɗauke ido daga gafakarta ba. Liman ya karanta nasa da ƙarfi, ni ina riƙe da uwa. Da ya kai wurin na ce, “Koma.” Ya koma, ya sake karantawa, ya tsaya inda hadisin ya tsaya. Sannan ya ce wa jama'a, “Abin da na ƙara muku rannan ba maganar Annabi ba ce.” Ya miƙo hannu na ba shi jan alƙalami. Ya ja tawada a kan rubutun kakansa, ya rubuta a gefe cewa bayani ne ya shigo ciki.

Jatau ya ce, “To, shi malamin fiƙihun, maganarsa ba magana ba ce?”

Na ce, “Magana ce, ranka shi daɗe, kuma mai nauyi. Amma ba ta ƙare a nan ba.” Rubutun gefe in wuri ya ƙare masa, kwana yake yi ya hau sama. Na juya littafin a kaikaice na karanta sauran, wanda kakan Liman bai ɗauko ba: mai rijiya shi ya fi cancanta da ruwansa, amma in ana tsoron halakar rai, ba shi da ikon hana abin da ya ragu bayan ya sha.

Ba wanda ya yi kabbara wannan karon. Jatau ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce wa samarinsa kowa ya mayar da mashinsa gida.

Aka raba yini. Gari ya ɗiba da safe, Fulani su jira ruwa ya taru su shayar da yamma. Samarinsu suka shiga rijiya suka yashe ta, bijimansu suka ja wasaki har da na mutanen gari. Duk da haka shanu da yawa sun mutu. Matan gari kuma suna tsaye da tuluna tun asuba, in matata ta zo sai hira ta mutu. Jatau ya karɓe gonar fadama ya ba wani, hatsi ya daina zuwa. Anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, muka jiƙa muka ci har damina, mu da muke ba baƙi tuwo. Ardo Buba ya aiko da karsana, na mayar masa. Ya zo da kansa ransa a ɓace, na ce, “Ardo, in ta kwana a gidana, gobe za a ce da ita aka goge kalmomin nan.” Ya ja abarsa ya tafi. Liman Habu kuwa ya sa aka kwaso duk littattafan kakansa, muka zauna ni da shi muka gama muƙabalar da tsohon bai gama ba. Shi ke karatu, ni ke riƙon uwa.

Jatau bai yi mini magana ba har aka yi damina mai kyau aka cika rumbuna. Rannan ina fiƙe alƙalami sai ga shi ya yi sallama, shi kaɗai. Ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa kamar baƙi.

Ya ce, “Malam, da ka tarar da kalmomin nan a littafin malaminka fa?”

Na ce, “Da na nemi na uku, ko da Agadas zan je.”

“In suna cikin na ukun?”

“Da na tsaya gaban Ardo na ce masa Annabi ya faɗa. Sannan in zo ƙofarka in roƙa musu ruwa da bakina.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Har yanzu ina jin haushinka.”

Na ce, “Na sani, ranka shi daɗe.”

Ya yi kamar zai tashi, sai ya koma ya zauna. Ya ce wani baƙo ya faɗa masa wani hadisi a kasuwa game da awon hatsi, ya ji daɗinsa, yana so ya faɗa wa jama'a ranar Juma'a. Ya rage murya ya ce, “Amma ban faɗa wa kowa ba tukuna. Duba mini.”

Gonar bai mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba. Amma daga ranar har ya koma ga Allah, Jatau bai sake cewa “Annabi ya ce” ba sai maganar ta fara biyowa ta wanga zaure.